Shagon gyaɗa na Agege: tsada ce ko haƙƙinsu suke karɓa?

Ɗan Fagge a Ikko:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya Asabar maiɗakina ta aike ni Agege nemo kayan gara, ƙanwarta za ta tare a Ikorodu sati mai zuwa. Ta kwatanta min wani shago da wata maƙwabciyarmu ke yawan yabo, can cikin unguwar Hausawa, tafiyar minti goma a ƙafa daga tashar jirgi. Na hau jirgin nan na Red Line daga Mushin don gudun gosulo, na sauka na yi ta tambaya. Shagon ba shi da allo ma, ƙanshin suya ne ya kai ni.

Na gida ɗaya ne. Tsohon yana zaune bakin ƙofa kan benci da carbinsa, ba ya taɓa kuɗi, amma duk buhun da za a shigar sai ya zura hannu ya ɗebo daga ƙasa ya tauna. Babban ɗansa ne a kan kanta da na'urar POS. Wata budurwa, autarsu, tana gefe da waya biyu tana karɓar oda. Daga ciki akwai ƙofa zuwa tsakar gida, nan na hango Hajiyar gidan da surukanta biyu sun baje tire suna tsintar gyaɗa ɗaya bayan ɗaya.

Kaya kam sai wanda ya gani. Gyaɗa amaro a kwalba, mai gishiri da marar gishiri, gyaɗa mai ɓawo, ƙuli-ƙuli kala uku, dakuwa, kantun riɗi, hallaka kwabo, aya soyayya da mai sukari, gurjiya, tsami gaye, gullisuwa, iloka, tuwon madara, yajin ƙuli, da man gyaɗa a jarka wanda su suka matse abinsu. Alkaki da nakiya da dublan sai an ba da oda kwana uku kafin.

Ga inda gizo ke saƙar. Kwalbar gyaɗarsu ta fi wadda nake saya a bakin titi da kusan rabin kuɗi. Na yi ciniki har na gaji, yaron ya ce "Yallaɓai, Baba ne ke yanka farashi, ko sisi ba na iya ragewa." Da na matsa sai tsohon ya ce a ɗauko min wata roba. Aka kawo, cike da gyaɗa baƙa-baƙa, wasu sun yamutse, wasu sun huje, wasu da ɗan kore-kore a tsaga. Ya ce wannan daga buhu ɗaya aka fitar, kuma da kuɗinsa ya saye ta. Bai ƙara ko kalma ba. Na biya na fito.

Tun a jirgi nake tunani: wannan dabarar kasuwa ce aka yi min, ko da gaske kuɗin tsintar nake biya? Masana gyaɗa, bismillah.

Mai Kayan Miya Mile 12:
Wa alaikumus salam. Malam an yi maka wayo ne cikin ladabi. Robar nan ƙila tun bara take ajiye, duk wanda ya yi ƙorafi a nuna masa. Gyaɗa ai gyaɗa ce. Ka zo Mile 12 ka auni fenti guda, madam ta soya maka a gida, ka ga nawa za ka rage.

Uwargidan Idi-Araba:
Haba Alhaji, "madam ta soya" kawai, kamar da baki ake suyar. Ka taɓa zama kan fenti ɗaya na gyaɗa kana tsinta? Bayanka sai ya ƙage. Ka jiƙa ta a ruwan gishiri, ka shanya, a garin da rana ma sai ta ga dama take fitowa, ka soya da yashi kana juyawa hannu ba hutu, ka murje, ka fece. Gas nawa ne kilo yanzu? Maza ba sa saka wahalar mace a lissafi, shi ya sa kullum na gida yake yi muku araha.

Mai Kayan Miya Mile 12:
Hajiya ban ce ba wahala ba. Na ce rabin kuɗi ya yi yawa.

Direban Tirela:
Ni bari in sa baki ta inda na sani. Shekarata sha huɗu ina ɗauko hatsi daga Dawanau zuwa Legas. Ka taso Kano, Kaduna, ka biyo ta Mokwa, ka haye gadar Jebba, Ilorin, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, sannan ka shigo. In Allah ya kiyaye kwana uku, in hanya ta cushe ko mota ta ba da matsala sai ka yi sati. Da damina tamfol ko sabo ne sai ruwa ya sami inda zai bi. Buhunan da ke gefe da na ƙasa su ke shan danshi. In an sauke ba wanda zai ce ga wanda ya jiƙe, a waje duk ɗaya suke. Wanda ya san gyaɗa shi ke zura hannu ƙasan buhu, kamar yadda ka ce tsohon yana yi. Daga jin wannan na san ba baƙon sana'ar ba ne.

Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai na hanya ya tashi. Mu dizal muke sha, shi dama ba shi da tallafi, amma ƙananan motocin da ke kwaso kaya daga ƙauye zuwa kasuwa fetur suke sha, masu dakon nan cikin Legas ma haka. Ga masu karɓar na goro a kowane shinge. Duk a kan buhun yake komawa.

Malamar Jinya:
Don Allah kar a wuce maganar robar nan da wasa. Baƙar gyaɗar da aka nuna masa, musamman mai koren nan, ita ce abin tsoro. Akwai fumfuna da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba ko an ajiye su wuri mai danshi da zafi, tana fitar da guba da ake kira aflatoksin. Hanta take ci a hankali, kuma ga wanda dama yake ɗauke da ciwon hanta nau'in B haɗarin kansar hanta yana ƙaruwa sosai. Yara kuma tana hana su girma yadda ya kamata. Abin da mutane ba su sani ba, suya ba ta kashe ta. Ka soya ta yi ja, gubar tana nan, abin da ke raguwa kaɗan ne. Hanyar da talaka yake da ita a hannu ita ce wadda Hajiyar can take yi: a fitar da ruɓaɓɓiya, da yamutsattsiya, da wadda ƙwaro ya huda. Ba ya kawar da ita duka, amma yana ragewa ƙwarai, domin yawancin gubar a cikin 'yan tsirarun munanan take taruwa.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da wani abu mai suna Aflasafe da manomi ke watsawa a gona kafin gyaɗa ta yi fure, yana rage fumfunar tun daga ƙasa. Amma kai mai saye a Legas ta ina za ka san gonar da aka watsa?

Tambayar da zan so ka yi wa tsohon: ina suke kai abin da suka tsince?

Ɗan Fagge a Ikko:
Wallahi Anti ban tambaya ba. Kunya ta kama ni bayan cinikin da na yi.

Mai Kilishi Obalende:
Ni zan ba ki amsa, ba a kan shagon can ba, a kan yadda ake yi gaba ɗaya. Ruɓaɓɓiyar gyaɗar da aka tsince ba a zubar da ita, akwai masu saye. Wasu kaji suke ba wa, wasu kuma inji suke kai ta a niƙa a yi ƙuli mai araha, a cika masa barkono da sukari ɗacin ya ɓuya. Na taɓa ƙonewa. Wata shekara gab da babbar sallah mai kawo min tunkuza ta yi tafiya, na saya wurin wani don ya fi sauƙi. Na dama labu, na tsoma nama, na shanya, na gasa. Kilishi ya fito da wani ɗaci a maƙogwaro kamar an haɗa da maɗaci. Cinya biyu ta sa na yi asara, ga kwastoman da na yi shekaru ina tarawa sun fara tambaya ko na canza hannu. Tun ranar na gane araha ba ta ado.

Don haka Ɗan Fagge, ka ɗanɗana ƙulinsu. Gaskiyar mai gyaɗa a ƙulinsa take, ba a kwalba ba. Kwalba kowa yana ganin cikinta.

Ɗan Fagge a Ikko:
Na ci a jirgi, leda guda ban kai gida da ita ba. Ba ɗaci, kuma ba ya karya haƙori.

Basakkwace na Alaba Rago:
To ai in ba ya karya haƙori ba ƙuli ba ne, biskit ne. Ku Kanawa mi kuka sani ga ƙuli? Ku taho Sakkwato da Zamfara ku ga abu, wanda za ka sa aljihu wata guda yana nan garau.

'Yar Bida:
Kowa ya yi shiru in ana maganar ƙuli, Nupawa na wurin. Ku tambayi Yarbawan Legas ƙulin ina suke nema. Dankuwa ma da kuke ce wa dakuwa, tamu da masara da gyaɗa da citta ake yi, taku ta aya ce.

Basakkwace na Alaba Rago:
Ƙanwata mun ba ku kifi da shinkafa, ku bar muna ƙuli.

Admin:
A dawo kan layi jama'a, yaƙin ƙuli ba ya ƙarewa a zauren nan. Sau uku ke nan bana.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Ina karanta ku ina murmushi. Yaro ya hau jirgi daga Mushin zuwa Agege ya sayo gyaɗa a kwalba, alhali layin dogon da ya bi gefensa gyaɗa ce ta riƙe shi shekara da shekaru. Dogo ya isa Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za a riƙa lodawa don masaƙunsu na Ingila, sai manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, kuma in ciniki ya ƙi ko ba komai za ka ci abarka, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Daga 1912 gyaɗa ta ɓalle. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goro suka fara, suka koma sayen gyaɗa suna ba kamfanonin Turawa.

Dalar gyaɗa da kuke gani a hoto ba don ado aka yi ta ba. Jirgi ne ya kasa kwashewa. Kaka ɗaya ake girbi, taragai ba su isa ba, sai a jera buhuna a yi dala a lulluɓe da tamfol tana jiran layinta zuwa Apapa. Ni na fara aiki a ƙarshen zamanin, na ga taragan da ake cikawa. Sai fari na farkon shekarun 1970 ya zo, a 1975 kuma cutar nan da ke sa gyaɗa ta dunƙule ta ƙi 'ya'ya, wadda ɗan ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta share gonaki. Ga kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta juya baya. Wanda ya riski kwabo 25 na ƙarfe da aka fitar a 1973 zai tuna gyaɗa ce a jikinsa.

Amma kar wani ya ce muku an daina noman gyaɗa. Ana yi sosai, Najeriya na sahun gaba a Afirka har gobe, kuma cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta fitar da iri masu jure cutar, waɗanda ake kira SAMNUT. Bambancin shi ne da ana fita da ita, yanzu mu ke cinye abarmu. Abin da ya ɓace shi ne mai duba kaya. A da kafin buhu ya hau jirgi sai ma'aikacin duba amfanin gona ya soka masa ƙarfe ya ga abin da ke ciki, in da ƙasa ko ruɓa a mayar maka. Saboda Bature zai ci. Da ya zama mu za mu ci, sai aka bar kowa da idonsa. Tsohon nan na Agege aikin wancan ma'aikaci yake yi a bakin ƙofarsa, ba albashi.

Uwargidan Idi-Araba:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan bayani ko a makaranta sai haka.

Mai Kayan Miya Mile 12:
Baba na ji, kuma na girmama. Amma ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗi abin da ba a so. Duk wannan amana a kan mutum ɗaya take tsaye. Ranar da tsohon ya kwanta dama, ɗan da ke kan POS zai ci gaba da zubar da roba guda daga kowane buhu? Na ga shaguna nawa a garin nan da suka mutu da mai su. Wani ma tun kafin arba'in an fara rabon kanta. In da gaske suke su yi rajista da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a sa lamba, a sa ranar lalacewa, kowa ya san abin da yake saye. Ba wai "Baba ya tauna" ba.

Ɗan Fagge a Ikko:
Abin mamaki, wannan ita ce rigimar da na tarar a shagon. Ina jiran a ɗaure min kaya na ji autar tana yi wa yayanta mita. Ita so take a yi rajista, a buga takarda mai suna, a daina zubawa a tsofaffin kwalabe a koma roba mai murfi a rufe, don manyan kantunan Ikeja da Lekki ba sa karɓar kaya sai da lamba. Ta ce rabin odar da take samu a WhatsApp ba Hausawa ba ne. Yayan yana cewa kuɗin fa, kuma in jami'ai suka zo duba wurin aiki ba za su yarda da tsakar gida da murhun itace ba, sai an kama wani wuri daban, ga hayar Legas. Tsohon yana jinsu bai tanka ba.

Amaryar Ikorodu:
Ina bayan yarinyar ɗari bisa ɗari. Kwalaben nan fa kun san na mene ne asali? Yawanci kwalaben giya ne ake bi ana tsintowa a wanke. Ni ko an wanke da me, in na tuna sai raina ya tashi.

Malam na Markaz:
'Yar uwa, kwalba gilashi ce, ba ta shan abin da aka zuba mata. In an wanke ta tas har ba launi ba wari ba ɗanɗano, ta tsarkaka, ba laifi a ci abin da ke ciki. Ƙyanƙyami daban, hukunci daban. Abin da zan fi damuwa da shi a tabbatar ta bushe kafin a zuba.

Uwargidan Idi-Araba:
Kuma kwalbar ba gayu ba ce. A Kano ka bar gyaɗa a faranti da hunturu kwana uku tana nan ƙaras-ƙaras. A Legas ka bar ta a buɗe daga azahar zuwa magariba ta yi sanyi kamar dafaffiya, iskar garin ruwa ce zalla. Leda ma iska na ratsa ta a hankali. Kwalba mai murfi ita ke riƙe ta wata guda. Yarbawa sun riga mu gane wannan, su da suke cin epa, wato gyaɗa, da gasasshiyar ayaba da guguru da garin kwaki kullum.

Mai Kilishi Obalende:
Ni tsorona da zamanantarwa ɗaya ne. Da an shiga manyan kantuna oda za ta ninka, hannun Hajiya da surukai biyu ba zai isa ba. Sai a ɗauko ma'aikata a biya su kan kowane buhu. Wanda ake biya kan buhu sauri yake yi, ba tsinta ba. Lamba za ta hau, roba za ta yi kyau, gyaɗar ciki ta koma irin ta kowa. Na ga an yi haka da kilishi.

Malamar Jinya:
Gaskiya ne, amma ido ma yana da iyaka. Akwai gyaɗar da za ka gani fes kuma tana ɗauke da gubar, sai a ɗakin gwaji ake ganewa. Hajiya ba za ta ga wannan ba komai ƙwarewarta. Ni da za su ji tawa, su riƙe tsintar su ƙara da gwajin, ba su saki ɗaya don ɗaya ba.

'Yar Bida:
Ni wani abu ne ya tsaya min tun da na karanta labarin. Baba ke yanka farashi, ɗa ke riƙe da POS, sunan gidan na maza ne. Masu tsinta da suya da matsar mai kuma mata uku ne a tsakar gida. Kun san matsar mai kuwa? A kai soyayyar gyaɗa inji, a dawo da ita a zuba a turmi, ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso, a kwashe, a matse tunkuzar da hannu, a mulmula, a soya ta cikin man da ya fita daga jikinta. Kakata da wannan ta aurar da 'ya'ya biyar, amma kuɗinta a hannunta yake, ko mijinta sai dai ya ranta. Su waɗannan surukan ana biyansu, ko "ai na gida ne"? In ba a biyansu, to ƙarin kuɗin da Ɗan Fagge ya bayar ba wurin masu tsintar ya je ba.

Basakkwace na Alaba Rago:
Kai, wagga yarinya lauya ta.

Direban Tirela:
Ai cikin gidan ake ci ake sha, ake biyan makarantar yaransu. Ba sai an ƙirga wa mace a hannu ba.

'Yar Bida:
Ci da sha da makaranta wajibin miji ne ko ta tsinci gyaɗa ko ba ta tsinta ba. Malam yana nan, ya faɗa in ƙarya nake.

Malam na Markaz:
Ba ki yi ƙarya ba. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama suna kan miji. Aikin sana'a kuma ba ya cikin abin da aure ya ɗora mata. In ta yi don taimako da yardarta, Allah ya ba ta lada. In ta nemi ladan aikinta, haƙƙinta ne. Sai dai ba mu san tsarin gidan mutane ba, kar mu yanke musu hukunci daga hangen ƙofa.

Maƙwabciyar Shagon:
Salamu alaikum. Tun safe wata ta turo min wannan muhawara ta ce ga shagon layinku ana yi da shi. Na yi shiru ina karantawa, amma maganar 'Yar Bida ta sa dole in yi magana. Shekarata tara a layin, ɗakina yana kallon bayan gidansu, hayaƙin suyarsu ni ke fara shaƙa da asuba.

Na farko, robar ba ta bara ba ce. Kullum akwai sabuwa. Da can wani mai kaji ne ke zuwa ɗauka, daga baya Hajiya ta ji an ce ko kaji bai kamata a ba su ba, yanzu cikin murhu take juyewa, tana ci kamar an zuba kananzir saboda man.

Na biyu, Alhajin Mile 12 da kake cewa amanar a kan tsohon take, ba ka san gidan ba. Sana'ar ta Hajiya ce. Ita ta fara da tire ɗaya a ƙofar gida lokacin shi yana harkar goro, da goron ya ja baya ya dawo ya zauna mata a bakin shago. Taunawar da yake yi ita ta koya masa. Farashin ma da aka ce "Baba ne ke yankawa", da daddare ake yanka shi a ɗakinta. Ana faɗin haka ne don in an ce na mace ne mutane ba sa barin ciniki.

Na uku, surukan. Gyaɗar kwalba da ƙuli da mai na gida ne gaba ɗaya. Amma dakuwa da kantu na matar babban ne, gullisuwa da iloka da tuwon madara na ƙaramar ne, kowacce da jarinta, ana sayar mata a kanta a ware mata kuɗinta ranar Juma'a. Ko hakan ya biya tsintar da suke yi, wannan su suka sani. Na dai taɓa jin ƙaramar tana ƙorafin farcenta ya ƙare.

Abin da ya kusa kashe shagon ba tsada ba ne, bashi ne. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 suka yi ta ba 'yan unguwa kaya a rubuce, har yau akwai waɗanda in sun hango tsohon sai su canza layi. Daga nan aka sayi POS, aka kuma daina ragi ko ga wa. Ni da nake maƙwabciya ma ba a rage min, sai dai a cika min hannu da gyara.

'Yar Bida:
To alhamdu lillahi, na janye rabi. Rabin farcen yana nan.

Mai Kayan Miya Mile 12:
Hajiya Maƙwabciya na karɓi gyara a kan robar. Amma kin ƙara ƙarfafa min magana ne: in Hajiyar ce ginshiƙi, shekarunta nawa? Idonta zai kai shekara nawa yana ganin huji a jikin gyaɗa?

Maƙwabciyar Shagon:
Ta sa tabarau tun bara. Autar ce ta kai ta aka yanka mata.

Amaryar Ikorodu:
Ni duk kun sa min kwaɗayi. Ɗan Fagge, ashe garar unguwarmu za a kawo, a ajiye min alkaki. Don Allah a ba mu lambar autar.

Admin:
Ba a saka lambar kowa a zaure. Mai so ya bi Maƙwabciya ta akwatin sirri, in masu shagon sun yarda ta bayar.

Ɗan Fagge a Ikko:
Na gode jama'a. Laraba zan koma karɓo alkaki da dublan. Anti Malamar Jinya an riga an amsa tambayarki. Basakkwace zan sayo maka ƙulin da ya fi tauri cikin ukun, in ka iya gamawa da shi ba ka jiƙa ba ni zan biya.

Basakkwace na Alaba Rago:
Ka taho da leda biyu. Ɗaya ta gwaji, ɗaya ta shan gari.

Maƙwabciyar Shagon:
In Laraba ce ka zo kafin azahar. Ranar suke matsar mai, da la'asar jarkokin sun ƙare, masu tsire na Oko-Oba ke kwashe yajin ƙulin tun da zafinsa. Kuma ka zo da kwalabenka na jiya in sun ƙare, ana karɓa.